Tsallen Akta Da Tsallen Ɗanka Ba Ɗaya Ba Ne

Yau ban zo da maganar canjin sefa da naira ba, ban kuma zo da ta duwan ba. Maganar fim na zo da ita. Na san wani zai ce ina ruwan ɗan kasuwa da fim, to a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, domin abin ya shafi yaran shagunanmu da ƴaƴan cikinmu.

Kwanakin baya aikin gidan rediyo ya kai ni gidan likita domin in ɗauko muryoyin waɗanda suka yi haɗari a kan hanya. A can na tarar da wani yaro ɗan shekara 17, yaron shagon wani mai sayar da atamfa. Ranar kasuwa maigidansa ya ba shi babur ya je tasha ya karɓo saƙo. A hanyar dawowa ya hango abokansa zaune a bakin gudron, sai ya ce bari ya nuna musu abin da ya iya. Ya murza, ya ɗaga tayar gaba sama, daidai lokacin da amalanken jaki ya fito daga lungu. Cinya ta karye, haƙora uku suka zube, babur ya zama na ƴan gwangwan. Na tambaye shi, "Ɗana, me ya kai ka?" Ya ce, "Wallahi Baba, a fim na ga ana yi. Kuma su in sun faɗi, tashi suke yi su kakkaɓe riga." Mahaifinsa yana tsaye a bakin ƙofa da takardar magani a hannu, ya riga ya sayar da ragon da ya ajiye domin layya.

Da na kawo wannan magana a shirinmu na dare, wani mai sauraro ya bugo waya ya ce, "Malam, fim ai wasa ne, kowa ya san haka." Gaskiya ne, har yaron da ke kwance a gadon likita ya san fim wasa ne. Abin da bai sani ba shi ne a ina ƙaryar take. Ya ɗauka labarin ne ƙarya, amma tsallen da faɗuwar da tashin gaskiya ne, tunda ya gani da idonsa. Kuma in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawa daga cikinmu manya haka muka ɗauka. Wannan shi ya sa na ga ya dace mu zauna mu yi lissafi.

Ni ba maƙiyin fim ba ne

Tun farko in bayyana, ban zo neman a rufe gidajen kallo ba. Ni ma da fim na girma. Mun sha tara dala-dala mu shiga kallon Bruce Lee da Rambo da fina-finan Indiya, mu fito muna ta shure-shure a kan yashi, kowa na cewa shi ne akta, ba mai yarda ya zama shef-bandi. Har gobe in na gaji da aiki nakan kunna fim in huta.

Kuma abin ba yau ya fara ba. A shekarar 1966 marigayi Moustapha Alassane, ɗaya daga cikin iyayen silima a Nijar, ya yi fim mai suna Le Retour d'un aventurier. Labarin wani saurayi ne da ya dawo gida daga tafiya da kayan kaboyi a akwati, ya rarraba wa abokansa huluna da bindigogi, suka hau dawaki suka sauya sunayensu zuwa na Turawa, suka addabi garin. Kusan shekara 60 ke nan da wani ɗan ƙasa ya hango abin da kallo ke yi wa matasa. Bambancin shi ne, a da sai an je silima da dare. Yanzu silimar tana cikin aljihun yaro, a salula, an fassara masa ita da Hausa, yana iya maimaita tsalle guda sau hamsin. Doki kuma ya koma babur mai gudun kilomita 100 a awa.

Duniya tana da nata ma'auni

Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin awo. In wani ya zo ya ce maka tiya 40 ta shiga cikin buhun da ke cin tiya 20, ba za ka tsaya gardama da shi ba, dariya za ka yi. To haka Allah ya yi wa duniya ma'auni: nauyi da gudu da faɗuwa da wuta duk suna da ƙa'idar da ba ta san akta ba, ba ta san ɗan sarki ba. Ni ba malamin jami'a ba ne, karatuna a lise ya tsaya, amma ɗan abin da malamin kimiyya ya koya mana ya isa a auna fim da shi.

Mu fara da bindiga. A fim ana harbin mutum sai ka ga ya tashi sama ya yi baya mita uku ya fasa taga. Tun shekarar 1687 wani Bature ɗan Ingila mai suna Isaac Newton ya rubuta ƙa'idar cewa duk abin da ka tura, shi ma da irin wannan ƙarfi yake tura ka. Ke nan da harsashi yana da ƙarfin da zai cilla wanda aka harba, da mai harbin ma ya yi sama ta baya. Harsashin kalashinkof nauyinsa kamar giram 8 ne, yana fita da gudun kusan mita 700 a sakan guda. In ya afka wa mutum mai kilo 70, iyakar turin da zai yi masa bai wuce santimita 8 a sakan ba, wato tafiyar hawainiya. Harsashi ba ya jefa mutum, huda shi yake yi ya yayyaga abin da ke ciki. Wasu Amurkawa masu shirin talabijin mai suna MythBusters, wanda aka fara a 2003, sun rataye mutum-mutumi sun yi ta harbinsa da manyan bindigogi, bai tashi ko'ina ba.

Sannan akta yakan riƙe kunamar bindiga ya yi ta ɓarin wuta na tsawon minti biyar. Gidan harsashin kalashinkof guda 30 yake ci, bindigar kuma tana zubar da kusan 600 a minti. Ku buga lissafin da kanku: sakan 3 ya ƙare. Ƙofar mota da yake ɓuya a bayanta kuwa, kwano ne marar kauri, harsashi yana ratsa shi ya fita ta ɗaya ƙofar. Mu da ke bin hanyoyin da ƴan bindiga ke tarewa, wannan ba abin dariya ba ne a gare mu.

Gudu da faɗuwa

Ga lissafin da nake so kowane mai babur da mai mota ya haddace. Wanda ya faɗo daga tsayin mita 10, wato kamar bene mai hawa uku, yana isowa ƙasa da gudun kilomita 50 a awa. In aka juya maganar, wanda ya daki bango ko bishiya a kan babur yana gudun 50, daidai yake da wanda aka jefo daga hawa na uku. To in ya ninka gudun ya kai 100, bugun ba ninki biyu yake ƙaruwa ba, ninki huɗu ne: daidai da faɗowa daga tsayin kusan mita 40, bene mai hawa 13. A fim akta yana faɗowa daga irin wannan wuri ya sauka kan rufin mota, ya mirgina ya ci gaba da gudu. A gudron ɗinmu kuwa, likkafani ake aika a sayo.

Akwai wani fim na Amurka mai suna Speed da ya fito a 1994, wanda da yawa daga cikinmu mun kalla. A ciki wata babbar bas cike da fasinja ta tsallake wata gada da ba a gama ba, rata ta kusan mita 15. Ko da a ce tana gudun kilomita 110 a awa, tana buƙatar rabin sakan ta ƙetare, kuma cikin rabin sakan duk abin da ba shi da madogara zai sauka ƙasa da fiye da mita ɗaya. Ke nan da gaske ne, da goshinta za ta daki bakin gadar ta can. Yadda aka yi shi ne, an kafa wa bas ɗin tudun tashi, gadar kuma lafiyarta ƙalau, da kwamfuta aka goge tsakiyarta.

Haka a Fast & Furious na 6, na shekarar 2013, motoci suna bin wani ƙaton jirgi a kan titin tashinsa na tsawon kusan minti 13. Ko mu sassauta mu ce gudun kilomita 120 a awa suke yi, wato kilomita 2 a minti, titin ya kai kilomita 26 ke nan. Alhali duk duniya babu filin jirgin fasinja da titinsa na kwalta ya kai kilomita 6. Masu fim ɗin sun san haka sarai. A kashi na 9 ma, na 2021, mota suka harba sararin samaniya. Irin wannan ƙaryar ba ta dame ni ba, domin ba yaron da zai kwaikwaye ta. Wadda ta dame ni ita ce ƙaramar ƙarya mai kama da gaskiya: ɗaga taya, kwana da gudu, dirowa daga katanga, tashi bayan faɗuwa.

Abin da kyamara ba ta nunawa

Tsallen da kake gani na sakan 5 a fim, wata da watanni ake yi ana shirya shi. Akwai injiniyoyi masu lissafi, akwai waya ɗaure a ƙugun mai tsalle wadda ake gogewa da kwamfuta, akwai katifu da kwalaye jibge a ƙasa, akwai motar likita a tsaye. Kwalbar da ake fasawa a kan mutum da gilashin tagar da yake ratsawa ba gilashi ba ne, a da da sukari ake yin su, yanzu da wani irin roba mai saurin rugurgujewa. Sau da yawa ma ba aktan ne ya yi tsallen ba, akwai ƙwararrun da sana'arsu ke nan, ana sa musu kaya irin nasa.

A fim ɗin James Bond na 2006, Casino Royale, mota ta wuntsila sau 7 har aka rubuta ta a kundin bajinta na duniya. Da farko an gwada da tudun tashi motar ta ƙi kifewa, sai da aka dasa mata wata na'ura mai harba ƙarfe ƙasa da ƙarfin iska. Cikin motar kuma an ɗaure shi da ƙarafa, direban na sanye da hular kwano. Domin yin Furious 7 na 2015, motoci fiye da 230 aka lalata. Mai fim yana da kuɗin fasa mota 230. Kai kuwa babur guda gare ka, shi ma wataƙila da bashi ka saye shi.

Duk da wannan shiri, ma'aunin duniya bai ƙyale su ba. Wa bai san Amitabh Bachchan ba, wanda muke kira Amita? A watan Yulin 1982 ana ɗaukar wani faɗa na fim ɗin Coolie a birnin Bangalo, ya yi kuskuren tsalle cikinsa ya daki gefen tebur. Tebur kawai, ba bene ba, ba jirgi ba. Raunin da ya samu a cikin ciki ya kai shi bakin kabari, aka yi masa tiyata fiye da sau ɗaya, ya yi kusan wata biyu a asibiti a Bambai, duk Indiya tana yi masa addu'a. Da fim ɗin ya fito a 1983, an tsayar da hoton daidai wurin aka rubuta cewa a nan ne ya ji ciwo.

Jackie Chan, wanda ya yi suna wajen yin tsallensa da kansa, ana ɗaukar Armour of God a ƙasar Yugoslabiya ya dira kan bishiya reshe ya karye, kansa ya daki dutse, ƙoƙon kai ya fashe. Sai da aka yi masa tiyata aka toshe ramin. Shi ya sa nake girmama shi, domin a ƙarshen fina-finansa yakan nuna inda tsalle ya ɓaci, ana ɗaukarsa a kan gadon marasa lafiya. Tom Cruise a 2017 ya karya idon sahu a Landan wajen tsalle daga wani bene zuwa wani, alhali yana ɗaure da waya. Brandon Lee, ɗan Bruce Lee, a 1993 bindigar wasan fim ce ta kashe shi yana da shekara 28, domin wani guntun harsashi ya maƙale a cikinta ba a lura ba.

Sai Paul Walker, tauraron Fast & Furious, wanda a fim ba motar da ke kayar da shi. Ranar 30 ga watan Nuwamba 2013 a Kalifoniya abokinsa na tuƙa shi cikin wata Porsche. Binciken hukuma ya nuna suna gudun tsakanin kilomita 130 da 150 a awa a titin da aka ƙayyade 72. Suka daki turken fitila da bishiyoyi, motar ta kama wuta, su biyun suka rasu. Ba kyamara, ba katifa, ba a sake ɗauka. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Bugun kai

Wata ƙaryar da ta zauna mana a zuciya ita ce ta bugun kai. A fim ana buga wa mai gadi gindin bindiga a ƙeya, ya yi barci na awa guda, ya farka yana sosa wurin. A gaskiya duk bugun da ya sa mutum ya suma, ƙwaƙwalwa ce ta girgiza ta daki ƙashi. Wani lokaci ma mutum yana tashi ya yi magana har ya yi dariya, alhali jini na taruwa a cikin kansa. Haka ya faru da wata ƴar fim ta Ingila, Natasha Richardson, a watan Maris 2009 a Kanada. Ta faɗi wajen koyon zamiya a kan ƙanƙara, ta tashi ta ce ba komai, bayan kwana biyu ta rasu.

Saboda haka in yaronka ya faɗi da babur kansa ya bugu, ko da ya ce lafiya lau, kada ka ce ya je ya kwanta ya huta. In ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko yana amai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barci na rinjayarsa, ko magana ta rikice, a kai shi gidan likita nan take. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ta kuma ce hular kwano mai kyau tana iya rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin 100. Akta ba ya sa hular domin a ga fuskarsa, fuskar ce hajarsa. Ɗan kabu-kabu kuwa kansa ne jarinsa.

Ƙaryar da ta fi kusa da mu: fetur

Yanzu na zo kan abin da ya fi shafar kasuwannin bakin iyaka. Daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, daga Ƙonni zuwa Illela, daga Magarya zuwa Maigatari, ba kasuwar da za ka shiga ba ka ga fetur a kwalba da bido da tano ba, ko ka kira shi ruwa-ruwa ko bumburutu. To me fim ya koya mana game da fetur? Ya koya mana cewa sai an harbi tankin mota ko an jefa ashana a cikin ruwan man kafin ya tashi, kuma in ya tashi akta yakan ruga ya yi tsalle wutar ta wuce ta bayansa. Duka biyun ƙarya ne, kuma ƙaryar a juye take.

Harsashi na yau da kullum in ya huda cikakken tanki, rami kawai yake yi man ya tsiyaye. Su waɗancan Amurkawa sun gwada wannan ma. Dalili shi ne ba ruwan fetur ke kamawa ba, tururinsa ne in ya gauraya da iska. Gaurayen da ke ci da wuta kaɗan ne ƙwarai, tsakanin kashi 1.5 da 7.5 cikin 100 na iskar wurin. Fetur yana fitar da wannan tururi ko a cikin sanyin da ya fi na firji, balle a zafin watan Afrilu. Tururin ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu, ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasa ya bi kwata da rami ya yi tafiya mai nisa ba ka ganinsa. In ya iske garwashin mai shayi, ko tartsatsin filogin babur, ko janareta, ko wani ya ƙyasta wuta zai kunna taba, wutar za ta biyo shi da baya har inda man yake, cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa tanon da aka juye ya fi cikakke haɗari, domin cike yake da tururi da iska. Masu walda da dama sun rasa ransu a kan tankin da aka ce musu ba komai a ciki.

Mun ga abin da idonmu. A daren 5 zuwa 6 ga watan Mayu 2019 wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai, jama'a suka taru ɗiba, ta kama wuta, aƙalla mutum 55 suka rasu nan take, wasu suka cika daga baya. Ranar 15 ga watan Oktoba 2024 a garin Majiya na jihar Jigawa, fiye da mutum 150. Ranar 18 ga watan Janairu 2025 a mararrabar Dikko ta jihar Neja, fiye da mutum 80, inda hukumomi suka ce janaretan da aka kunna domin juye man ne ya tayar da wutar. Allah ya jiƙansu da rahama. A duk waɗannan wurare ba wanda ya harba bindiga. Kuma ba wanda ya tsere wa wutar da tsalle, domin wanda ke tsaye cikin tururi, tufafinsa sun jiƙe da mai, wutar ba binsa take yi ba, a jikinsa take tashi.

Masu cewa ba laifin fim ba ne

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce talauci ne ya kai mutane ɗibar mai, ba fim ba. Na yarda ɗari bisa ɗari, kuma ban ɗora wa fim alhakin ran kowa ba. Abin da nake cewa shi ne, mutum yana auna haɗari ne da hoton da ke cikin kansa. In hoton ya ce masa matuƙar ba a ga wuta ba to lafiya, in ta tashi kuma akwai lokacin gudu, zai matsa kusa da bokiti. In ya san cewa warin da yake ji shi ne wutar tun ba ta kama ba, wataƙila ya ja da baya ya ja ɗansa.

Wasu za su ce fim nishaɗi ne, in aka cire ƙaryar ba mai kallo. Wannan ma haka ne. Tatsuniyar gizo ma ƙarya ce, amma kakanninmu in sun gama sukan rufe da ƙurunƙus, yaro ya san an dawo duniyar gaskiya. Fim ba shi da mai rufe shi. Hoto ne na mutum mai jini da tsoka, a kan titi irin namu, da babur irin namu. Mu ne ya kamata mu rufe wa yaranmu shi.

Wasu kuma za su ce kowa da ajalinsa. Haka ne, ba mai wuce ranarsa. Amma ba ɗan kasuwar da ke barin shagonsa a buɗe da dare ya ce arziki na Allah ne. Yana sa kwaɗo biyu, ya biya mai gadi, sannan ya yi tawakkali. Ran yaro bai kai darajar bandir ɗin shadda ba ne?

Abin da ke hannunmu

Kai Alhaji mai aiken yaro da babur, ka saya masa hular kwano, kuɗinta bai kai na kwana guda a gadon likita ba. Ka gaya masa a fili cewa ranar da aka kawo maka labarin ya ɗaga taya, ranar zai ajiye makulli. Kada kuma kai da bakinka ka ce masa ya je ya dawo cikin minti biyar.

Kai mai sayar da mai, ka nisanta teburinka da mai shayi da mai tsire da mai cajin waya. Kada ka zuba wa babur mai injinsa na aiki. Kada ka kwana da jarkoki a ɗakin da iyali ke barci ko kusa da madafa. Ka ajiye bokitin yashi kusa, domin fetur yana tasowa saman ruwa, in ka watsa wa wutarsa ruwa ka ƙara mata fili ne. In tanka ta faɗi a hanya, ku kashe inji, ku yi nisa, ku hana yara zuwa, ku kira ƴan kwana-kwana da jandarma.

Masu gidajen kallo da masu tura fim a waya, ku riƙa haɗawa da hotunan yadda aka shirya fim ɗin, inda ake ganin wayoyi da katifu, suna nan da yawa kuma yara suna son su. Masu fassara fim da Hausa, ku da kuke da bakin sa mutane dariya, kalma guda daga gare ku ta fi wa'azina na awa guda. Malaman kimiyya a kwaleji, ku kawo tsallen bas ɗin nan cikin aji ku sa ɗalibai su auna shi da alli, za su riƙe darasin har tsufa.

Mu iyaye kuma mu zauna mu kalli fim tare da ƴaƴanmu ko sau ɗaya a mako. In akta ya diro daga bene, ka tsayar da hoton ka tambayi yaro, "Kai a ganinka me aka shimfiɗa masa a ƙasa?" Ka ba shi labarin Amita da tebur. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma ko ya yi dubu ba zai fito ba.

Yaron da na ba ku labarinsa an sallame shi, yana tafiya da sanda, likita ya ce sai an ga yadda ƙashin zai haɗe kafin a san ko zai sake hawa babur. Maigidansa ya ɗauki wani yaron, ya kuma sayi wani babur. Na bi ta gaban shagon ranar kasuwar da ta wuce, na ga hular kwano sabuwa rataye a jikin madubi. Allah ya tsare mu da zuriyarmu, ya kai kowa kasuwa lafiya ya dawo da shi gida lafiya.